Taƙi Ɗaya Tsakanin Jaki da Wuya

Wannan makon layi ya zo kaina, kuma na san da ganin kan rubutun wani zai ce me ya haɗa zauren adabi da jita. Ku ɗan ara mini kunnuwanku, akwai abin da ya haɗa su.

Jita ta fara yawa a labaranmu. Saurayi ya dawo daga karatu a Turai ko Malesiya, an ajiye shi a lambun gidansu da yamma, sai ya ɗauko ta ya shiga kaɗawa cikin ƙwarewa, sauti mai daɗi yana tashi, budurwa ta laɓe bayan labule tana share hawaye. Na karanta irin wannan fage ya fi a ƙirga, kuma kusan kullum kalmomin nan biyu ne, ƙwarewa da daɗi. Marubucin da zai cinye shafi guda yana faɗa mana kalar leshi da sunan turare, in ya zo kan sauti sai ya tsallake kamar wanda ya ga kwata. Ban cika ganin laifinsa ba, domin a yawancin gidajenmu ba a maraba da kayan kiɗa, balle yaro ya zauna kusa da su ya lura. To ni Allah ya sa na zauna kusa. Shekara huɗu ke nan ina taɓa jita irin ta katako, wadda ba a jona ta da wuta, kuma a zaman ƙungiyarmu na ƙarshen wata ni nake raka masu karanta waƙa da ita. Ni ba gwani ba ne. Amma na san cewa jita ɗaya da tsirkiya ɗaya da hannu ɗaya suna iya ba ka murya uku ko huɗu, kuma abin da ya raba muryoyin nan bai wuce taƙi guda ba.

Bari mu fara sanin wuraren. Jita tana da ciki, wato akwatin katakon da ake rungumewa, da rami a fuskarsa, sai dogon wuya da aka jera wa ƙarafa a gicciye. Tsirkiyoyi shida sun taso daga kan wuyan, sun bi ta saman ramin, sun sauka a kan wani ɗan katako da aka manne a fuskar cikin. Masu goge da garaya suna kiran abin da tsirkiya ke hawa a kai jaki, don haka ni ma jaki zan kira shi. A tawa, daga inda tsirkiya ta fara rawa zuwa kan jaki santimita 65 ne. Ƙarfe na 12 shi ne tsakiyarta daidai. Tsakiyar ramin kuwa tana wajen santimita 16 daga jaki, kusan rubu'in tsawon ke nan. Hannun hagu yana can kan wuya yana zaɓar sautin da za a yi. Hannun dama, wanda yake kaɗawa, fagensa shi ne daga jaki zuwa inda wuya ya ƙare a bakin rami. Wannan shi ne taƙin da nake magana.

Duk wanda yake da jita a kusa, ko maƙwabcinsa yake da ita, ya gwada wannan. Kada ka danne komai da hagu. Ka sa yatsa dab da jaki ka goga tsirkiyoyin duka shida. Za ka ji sauti siriri mai kaifi, kamar an watsa tsabar kuɗi a faranti, kuma tsirkiyar za ta yi wa yatsanka gardama, ta yi tauri kamar wayar shinge. Matso kan rami ka sake. Yanzu sautin ya cika, ya yi jiki, shi ne wanda kunne ya saba ji a matsayin muryar jita. Sai ka ƙara matsowa har ka hau kan wuya, wajen ƙarfe na 12. Nan tsirkiya ta yi laushi tana bin yatsa, sautin kuma ya zama mai zurfi da ɗan rami a cikinsa, kamar mutum yana magana bakinsa cikin tulu. Ba ka taɓa maɗauri ba, ba ka canza tsirkiya ba, tsayin sautin yana nan inda yake. Launinsa ne kawai ya sauya.

Dalilin ya fi abin da ake ji ban sha'awa, kuma nan ne ɗan abin da aka koya mana a poli game da igiyar sauti ya yi mini rana. Tsirkiya ba rawa ɗaya take yi ba. Ɗauki ta biyar, wadda ake saitawa a kan sautin A. In aka kaɗa ta a sake, tana kai da komowa da dukan tsawonta sau 110 a sakan ɗaya. Wannan na kira shi uwar sauti. Amma a daidai wannan lokacin tana kuma rawa rabi da rabi, sau 220 a sakan, tana rawa kashi uku sau 330, kashi huɗu sau 440, haka har sama. Waɗannan na raɗa musu suna 'ya'yan sauti. Kunne ba ya ware su ɗaya bayan ɗaya, dunƙule su yake yi ya ji abu guda, kamar yadda harshe ba ya tsayawa ware daddawa da citta da barkono a miyar kuka, sai dai ya ce miyar gidan nan daban take da ta gidan can. Yawan kowanne a cikin haɗin shi ne launin sautin.

To ga inda gizo ke saƙar. Idan tsirkiya tana rawa rabi da rabi, akwai wurin da ba ya motsi ko kaɗan, wato tsakiyarta, kamar yadda tsakiyar ma'auni ke tsayawa cak yayin da gefe biyu ke hawa da sauka. In tana rawa kashi uku, wurare biyu ne ba sa motsi. Kuma ƙa'idar ita ce, ba za ka iya tayar da wata rawa daga wurin da ita rawar ba ta motsi ba. Saboda haka in ka ja tsirkiya daga tsakiya, ɗa na 220 ba zai farka ba, na 440 ma haka, na 660 ma haka. Rabin gidan yana barci, uwa ce ke ta magana da ƙarfi. Wannan ramin da kake ji a sautin, gurbin waɗanda ba su tashi ba ne. In kuwa ka koma santimita 3 daga jaki, sai ka haura ɗa na ashirin kafin ka tarar da wanda ka taka wa wurin hutunsa. Duk na ƙasa da shi sun tashi suna ihu, uwar kuma ta yi rauni, don a can da kyar kake iya jan tsirkiyar gefe. Kaifin da ake ji ke nan.

Ba sai kun yarda da ni ba, akwai gwaji. Kaɗa tsirkiyar daga saman ƙarfe na 12, nan take ka ɗora kan yatsa a hankali a daidai wurin, ba tare da ka danne ba. Sautin zai mutu kusan gaba ɗaya. Sake kaɗa ta daga kusa da jaki, ka kuma ɗora yatsa a saman ƙarfe na 12 ɗin. Wannan karon uwar za ta mutu amma wani siririn sauti zai ci gaba da tashi shi kaɗai. Ɗan 220 ne da ƙannensa, waɗanda yatsanka bai dame su ba tunda wurin hutunsu ka taɓa. Ranar da na fara jin wannan siririn sauti ya rage a ɗaki bayan babban ya mutu, na maimaita shi ya kai sau ashirin. Wani masani ɗan Ingila, Thomas Young, shi ya bayyana wannan ƙa'ida tun wajen shekarar 1800, sannan Bajamushe Hermann von Helmholtz ya faɗaɗa bayaninta a littafinsa kan sauti na 1863.

Makaɗa ba su jira masana ba. Fernando Sor, mutumin Basalona ta ƙasar Sifen, ya fitar da littafin koyon jita a Faris a 1830, kuma a ciki ya tsaya ya auna wurin hannu. Wurin da ya ɗauka na yau da kullum shi ne kashi ɗaya cikin goma na tsawon tsirkiya daga jaki, in yana son taushi sai ya matsa zuwa ɗaya cikin takwas. A tawa santimita 6 da rabi ke nan, da kuma 8. Kun ga ya fi mu kusa da jaki sosai, mu da muke zama kan rami, sai dai shi da tsirkiyar hanjin dabba yake kiɗa, kuma da tsokar yatsa. A littafin har ya nuna yadda yake kwaikwayon wasu kayan busa da jita, ciki har da wani mai muryar hanci irin ta algaita, wanda yake samu ta hanyar matsawa dab da jaki ya sa ɗan farce. Masu kiɗan filamenko na kudancin Sifen har yau can kusa da jaki suke zama, saboda suna gogayya da tafi da dukan ƙafar masu rawa, dole sautinsu ya ratsa. Mawaƙin Amurka Willie Nelson kuwa jita ɗaya yake riƙe da ita tun 1969, kuma hannunsa ya goge fuskarta har ya huda wani rami na biyu tsakanin jaki da ramin asali. Duk wanda ya ga hotonta ya san inda hannun mutumin yake kwana.

Akwai abin da ko masu kiɗa da yawa ba sa lura da shi. Wurin ba da santimita yake aiki ba, da kashi yake aiki. Da zarar hannun hagu ya danne wani ƙarfe, tsawon da ke rawa ya ragu, sai lissafin ya canza ko da hannun dama bai gusa ba. Hannuna yana kan rami, santimita 16 daga jaki. A sake, rubu'in tsirkiya nake taɓawa. In na maƙala kafo, ɗan abin nan da ake matse wuya da shi, a ƙarfe na 5, tsawon ya koma wajen santimita 48 da rabi, hannuna ya zama yana kan sulusi. In na danne ƙarfe na 12 kuwa, ina tsakiya daidai, sautin tulu ya dawo ba tare da na neme shi ba. Shi ya sa idan na hau can sama a wuya nakan ja hannun dama baya kaɗan wajen jaki, in dai ina son muryar ta tsaya yadda take.

Kwanakin baya wani ƙaninmu a ƙungiya, ɗan shekara goma sha bakwai, ya zo mini da tasa a cikin buhu. Kuɗin da ya tara na dogon hutu ya sa ya saye ta kwance, sau biyu yana canza mata tsirkiya, kuma ya riga ya fara neman mai saye ko da faɗuwa ce. Ya ce, “Yaya, wallahi kamar gwangwani take kuka, an cuce ni.” Na ce ya zauna ya kaɗa in gani. Jitar babba ce, shi kuma ɗan firit, damtsensa na sauka a gefen cikin sai hannun ya ƙare daidai kan jaki, ga robar kaɗi siririya a yatsunsa. An bar jaki ana dukan taiki, sai dai shi wannan karon a kan jakin ma yake zaune. Na ce ya tura jitar dama kaɗan a kan cinyarsa, ya ɗaga wuyanta, ya ajiye robar ya sa babban yatsa. Da ya goga sai ya tsaya yana kallon ramin kamar an sa wani a ciki. Jitar tana wurinsa har yanzu. Kada dai a ɗauka hannu yana gyara komai. Wuyan da ya lanƙwashe, ko tsirkiyar da ta yi tsatsa, ko katakon da ya buɗe saboda hunturu, babu wurin da za ka ajiye hannu ya rufa musu asiri.

Inda abin ya fi shafarmu shi ne wurin raka karatu. Mutum ya kwana uku yana gyara baiti, ya tashi gaban jama'a ƙafarsa na rawa, in kiɗa ya cinye masa kalma ɗaya da amsa-amo ya rataya a kanta, an zalunce shi. Baƙaƙe irin su s da sh da ts da ƙ can sama suke zaune a ma'aunin sauti, kusa da yankin da kunnen ɗan Adam ya fi saurin kamawa, wajen 2000 zuwa 5000 a sakan. Kuma nan ne kiɗan kusa da jaki yake zuba kayansa. Don haka muddin mai karatu yana magana, ba na zuwa wurin. Sai ya kai ƙarshen baiti ya ja numfashi, nan nake leƙawa in yi bugu ɗaya ko biyu masu kaifi, in dawo. Amma gefen wuya ma ba tudun mun tsira ba ne ga kowa. Muryar namiji babba takan yi yawo tsakanin 85 da 180 a sakan, tsirkiya ta shida kuma 82 take, ta biyar 110. Gida ɗaya suke. Harshenmu kuma na karin sauti ne, hawa da saukar murya suna ɗauke da ma'ana, a jina in gunjin manyan tsirkiyoyi ya kwanta a kan muryar namiji sai hawa da saukar nan su dushe. Akwai wani dattijo a cikinmu mai murya kamar ganga, bai san lissafin nan ba kuma ba ya buƙatarsa. Ranar da na fara raka shi, tun kafin ya buɗe takarda ya juyo ya ce, “Ɗana, ka bar mini ƙasa, kai ka hau sama.” Na ce, “To Baba.” Shi nakan raka shi da ƙananan tsirkiyoyi uku, a bayan rami kaɗan, a hankali. In 'yar uwa ce mai siririyar murya ta tashi, sai in juya lissafin, in koma bakin wuya da tsokar babban yatsa a kan manyan tsirkiyoyi, in shimfiɗa mata tabarma daga ƙasa.

Sannan ga waya. Yawancin karatunmu ba a ɗakin taro ake jin sa ba, a WhatsApp ake jin sa washegari, ta ɗan lasifikar waya da bai kai ƙwayar gyaɗa ba. Irin wannan lasifika ba ta iya fitar da sauti mai zurfi. Kiɗan bakin wuya da ya cika ɗaki ya sa mutane lumshe ido, a waya sai ya zama kamar babu shi, saboda ƙarfinsa duk yana wurin uwar, ita kuma wayar ta zubar da ita. In na ga an ɗaga waya ana naɗa, nakan ja hannu baya kamar yatsu biyu, in ba 'ya'yan ɗan ƙarfi. Na ɗaki ya ɗan rasa, na waya ya samu. Har yanzu ban gama yanke wa zan fi fifitawa ba, mutum talatin da suka biya kuɗin mota suka zo, ko ɗaruruwan da za su ji a kwance.

Yanzu kalmomi, tunda sana'armu ke nan. Turawa in za su siffanta sauti daga haske da ɗumi suke aro, sai ka ga wasunmu sun kwaso haka nan sun rubuta sauti mai haske ko sauti mai ɗumi. A kunnena wannan bai zauna ba. Bahaushe daga baki da taɓawa ya fi aro. Muna cewa murya mai zaƙi, murya mai garɗi, mai kauri, mai sanyi, mai taushi, mai kaifi. Muna cewa murya ta dishe. Muna cewa ana jin abu raɗau. Kiɗan kusa da jaki ni nakan ce yana da gautsi, kamar ƙuli-ƙulin da ya soyu, yana fashewa nan take ya watse. Na kan rami yana da garɗi. Na bakin wuya yana da danƙo da maiƙo, ba ya saurin sakin kunne. Ban ce waɗannan su ne daidai ba, amma kowanne ya fi mai daɗi faɗin wani abu. Kuma wurin hannu yana iya yi maka aikin da sakin layi guda na bayanin zuciya zai yi. Jarumin da aka hana aure ya zauna yana figar tsirkiya dab da jaki da farce, mai karatu ya san ransa a ɓace yake ba sai ka faɗa ba. In mahaifiyarsa tana barci a ɗaki na gaba, zai hau bakin wuya da tsokar yatsa, wataƙila ma ya kwantar da gefen tafinsa a kan tsirkiyoyin kusa da jaki don ya shaƙe su.

Ƙa'idar ba ta jita ba ce ita kaɗai, ta kowace tsirkiya ce da aka ɗaure baki biyu, har da garaya da molo da gurmi. Marigayi Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015, da tsirkiya ɗaya tal ya yi rayuwarsa a kan kuntigi. Ku nemi hoton bidiyonsa ku bar kallon bakinsa na minti ɗaya, ku kalli hannun da ke kaɗawa. Waɗanda suke zaune kusa da masu garaya a ƙauye sun fi ni dama, su duba fatar kayan kiɗan su ga inda ta yi baƙi ta yi sulɓi, su tambayi mai ita me yake kiran sautin da yake samu a wurin. Ina da yaƙinin akwai kalmomi a bakin mutanen nan da suka fi nawa dacewa.

Masu son sa wa jaruminsu jita mai wuta, irin wadda matasan Agadas suka yi suna da ita, su ma abin bai bar su ba. Samfurin Stratocaster da kamfanin Fender ya fitar a 1954 yana da kunnuwan maganaɗisu uku a ƙarƙashin tsirkiyoyi, ɗaya kusa da jaki, ɗaya a tsakiya, ɗaya kusa da wuya, da ɗan makunni na zaɓar wanda zai saurara. Na jaki kaifi yake kamawa, na wuya kauri. Duk inda na ce dama da hagu a rubutun nan kuwa, in jarumin naku bahago ne kamar Mdou Moctar na Nijar, sai ku juya su.